Amfanin motar ɗaukar ma'aikata

Edita,

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ke cinye albashin ƙananan ma'aikatan Abuja, musamman mazauna Mararaba, Nyanya da Suleja. Kamfanin da nake yi wa aiki ya samar da bas biyu masu kwasar mu da ƙarfe shida na safe, kuma ba tausayi kaɗai ya sa shi yin haka ba, domin makara da fashin aiki sun ragu, ƙwararru kuma sun daina ajiye aiki saboda tsadar zirga-zirga. Har wurin ajiye motoci, wanda a da ake rububinsa, yanzu ya wadata.

Ina roƙon sauran kamfanoni su fara da masu aikin dare.

Naku,
Wani ma'aikaci daga Mararaba