Maganin sikila ya samu, amma na wane ne?

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya.

A watan Nuwamban 2023 Birtaniya ta amince da wani magani mai suna Casgevy, Amurka ta bi sahu a Disamba. Ana zaro ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin mai sikila, a gyara su a ɗakin bincike da fasahar gyara ƙwayoyin halitta mai suna CRISPR, a mayar masa. Daga nan jikinsa ya koma yin irin jinin da ɗan tayi ke da shi, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ga mutum guda.

'Yar ƙanwata SS ce, shekararta 9. Da hunturu ya shigo muke fara fargaba: kukan ƙashi cikin dare, neman ledar jini, kwana a kan benci a asibiti. Da na karanta labarin nan na yi hamdala, sai kuma gwiwata ta yi sanyi. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da wannan cuta, amma ko hydroxyurea, maganin rage ciwon sikila mai sauƙin kuɗi, yana gagarar iyaye da yawa. Shin adalci ne a gano waraka, a sa mata kuɗin da masu ciwon ba za su taɓa iya biya ba?

Na ji wasu na cewa wannan canza halittar Allah ne. Damuwarsu tana da tushe, domin a 2018 wani masanin kimiyya, He Jiankui na Sin, ya gyara ƙwayoyin halittar tagwaye mata tun ba su shiga mahaifa ba, gyaran da zai bi zuriyarsu, kuma kotu ta ɗaure shi shekara 3. Amma Casgevy yana tsayawa ne a jikin majinyacin da ya yarda, ba ya kaiwa ga 'ya'yansa. A ganina magani ne kamar dashen ɓargo.

Jihar Kano ta wajabta gwajin jini kafin aure a 2024, kuma na goyi baya. Sai dai gwajin bai amfani yaran da suka riga suka zo duniya ba. Ina roƙon jaridarka ta zaunar da malamanmu da likitocin jini wuri guda, su yi mana bayanin hukuncin da kuma hanyar da maganin zai iso gare mu.

Naka,
Mai karatu daga Zariya