Shekara 32 a tsibirin Farasan: in tattara in koma gida, ko in jira a ce in tafi?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Malam. Ya aiki, ya ɗawainiyar jama'a? Allah Ya ƙara wa rai albarka, Ya saka maka da alheri kan matsalolin mutane da kake kwana da su kana tashi da su.

Ni mai sauraronka ne tun da daɗewa, ko da yake Bahar Maliya ce tsakanina da ku. A waya nake kama shirin, yawanci ina zaune kan wani kifaffen kwalekwale bayan sallar isha. Ina roƙon kada a faɗi sunana, don maganar ta taɓa wasu 'yan'uwana a Kano, kuma su ma suna sauraronka.

Shekarata 68. Na shigo Saudiyya a 1988, na yi shekara biyar a Jidda, unguwar Karantina, ina gyaran injin mota. Wata rana wani Balarabe mai jiragen kamun kifi ya kawo injin da ya gagari kowa, Allah Ya ba ni sa'a na tayar masa. Shi ke nan ya ce sai ya tafi da ni. Ya mayar da iƙamata, wato takardar izinin zama, hannunsa, ya zama kafilina, mai tsaya min a wajen hukuma, a 1993 na bi shi Farasan. Ga wanda bai sani ba, tsibirai ne sama da 80 a can kudu, daura da birnin Jazan, ba nisa da iyakar Yaman, kuma kaɗan ne daga ciki ake zaune a kansu. Babban jirgin da ke ƙetarowa da mutane da motocinsu, wanda muke ce wa abbara, kyauta ne, tafiyar awa guda da 'yan mintuna. Lokacin da na zo, in ka ga baƙon fuska a kasuwa, to malamin makaranta ne aka turo ko soja.

Tsohon nan da ya kawo ni, Allah Ya jiƙan sa, bai taɓa nuna min ni bara ne ba. Tare muke cin abinci a faranti ɗaya. Da na tashi aure shi ya tsaya min, muka je Jidda aka ɗaura da wata 'yar gidan takari, haihuwar can, amma da fasfon Nijeriya kamar nawa. Allah Ya ba mu 'ya'ya huɗu. Ita ta rasu a 2016, a nan aka binne ta. Kaburburan ƙasar nan ba a rubuta suna, dutse kawai ake kafawa. Nata na sani da ƙirga: layi na shida daga katanga, na uku daga wajen ƙofa. In na bar tsibirin nan babu wanda zai sake sanin wannan ƙirgan. Na san za ka ce addu'a tana isa mamaci daga ko'ina, kuma haka ne, amma dai na faɗa maka.

Shekara guda da rasuwarta, a watan Yuli na 2017, aka fara karɓar kuɗi a kan iyalan baƙi, riyal 100 a wata kan kowane mutum. Shekarar da ta biyo ya zama 200, sannan 300, ya tsaya a 400 daga 2020. Albashina riyal 1,800 ne. Da na buga lissafin yara uku, na ga inda aka dosa, sai na tura su Kano a 2018 wajen ƙanwata. Babbar kawai ta rage, tana aure a Jidda. Yaran sun sha wuya kafin su saba, Hausarsu a karye, a makaranta ana kiran su 'yan Makka. Yanzu sun warware, har ƙaramin yana gyara min karin magana a waya.

To ga abin da ya sa na rubuto.

Tsibirin ya fara canjawa. Tun da aka buɗe bizar yawon buɗe ido a watan Satumba na 2019, sannan hukumar UNESCO ta sa Farasan cikin wuraren da ake kare halittunsu a 2021, baƙi suka fara zuwa. Da sanyi abbara cike take zuwa, sai ka yi rajista tun da wuri kafin ka samar wa mota wuri. Suna zuwa kallon gidan Rifa'i, attajirin lu'ulu'u, mai zane-zane a bango, da masallacin Najdi, da tsohon ƙauyen Ƙassar, da ginin da Jamusawa suka yi a tsibirin Ƙumma don ajiye kwal ɗin jiragensu. Wasu barewar tsibirin suke nema da kyamara. Mafi yawa kuma so suke a kai su dajin Ƙandal, inda itatuwa ke tsirowa cikin ruwan gishiri, jirgi yana bi ta tsakaninsu kamar mutum a lungun cikin birni. Jiragenmu da a da ƙarnin kifi suke yi, yanzu an sa musu rumfa da kujeru masu laushi.

Ba na cikin masu cewa abin ya lalace. Da idona na ga samarin garin nan suna ficewa Jazan da Jidda saboda babu abin yi, yanzu ga wasunsu sun dawo sun buɗe wurin shan gahawa, wasu suna jagorar baƙi. Amma akwai abin da ke sosa min rai. Kowace shekara wajen watan Afrilu wani kifi da ake kira harid, mai baki kamar na aku, yakan taru a gaɓar Hasis. A da gari ne ke fitowa kwansa da kwarkwatarsa, a kewaye kifin, wani dattijo ya yi kira, jama'a su afka ruwa da tufafinsu, kowa ya kama da hannu, a aika wa amare da tsofaffin da ba su iya fitowa ba. Har ni baƙo ana turo min rabona. Yanzu ya zama babban biki na hukuma, da rumfar manya da 'yan jarida. Bara ina tsaye a baya, na ga wani yaro ya fito da kifi a hannu, ya tsaya aka ɗauke shi hoto ta kowane gefe, ya miƙa wa na kusa da shi ya tafi wanke hannu. Ban ce laifi ya yi ba. Na dai ji a jikina cewa garin da na sani yana zama abin kallo, kuma wanda ya zama abin kallo ba ya buƙatar tsohon bakanike mai baƙin mai a farce.

Kafilina ya rasu shekara uku da suka wuce, komai ya koma hannun babban ɗansa, yaron da na goya a kafaɗa, na koya wa kwance fulogi. Har yau Ammi yake ce min, wato baffa, in ya shigo sai ya sumbaci goshina. Watan jiya ya zo rumfar da nake aiki, ya zauna kan jarka, ya buɗe wayarsa yana nuna min hotunan tsibirin shaƙatawa na Sindala da otal-otal ɗin da aka gina a tsibiran arewa wajen Umluj. Ya ce, "Ammi, nan gaba haka Farasan za ta zama." Zai sayar da tsofaffin jiragen biyu, ya sayo sababbi masu injin da sai an jona kwamfuta ake gane ciwonsa, kamfanin da ya sayar ne kuma zai riƙa duba su. Masu tuƙi ma 'yan ƙasa yake so, masu jin Turanci, don dokar ɗaukar 'yan ƙasa aiki tana ƙara tsanani, ga kuma kuɗin da ake biya kan kowane ma'aikaci baƙo, riyal 700 zuwa 800 a wata. Bai ce in tafi ba. Cewa ya yi, "Iƙamarka ta bana zan sabunta, ta baɗi kuma Allah Karimu ne." Ya faɗa yana kallon ƙasa. Na shekara isassu a cikin Larabawa da zan gane abin da wannan ke nufi.

Ni a ganina lissafinsa yana da rami. In zafi ya shigo, daga Yuni zuwa Satumba, iskar tsibirin nan kamar tururin tukunya take, baƙo ko ɗaya ba ka gani, kifi ne ke riƙe gida. Na gaya masa, ya yi murmushi irin wanda ake yi wa tsoho. Wataƙila shi ne da gaskiya. Abin da na tabbata shi ne mai gidan da nake haya ya riga ya mayar da ɗakuna uku na kwanan baƙi, abin da yake samu a dare huɗu ya fi hayata ta wata. Saura nawa ɗakin da na wani ɗan Bangaladash. Na kuma ga abin da ya faru a Jidda a 2022, da aka rushe tsofaffin unguwanni har da Karantinar da na fara zama. 'Yata tana cikin waɗanda suka kwashe kaya, kuma ɗan haya baƙo ba shi da bakin magana.

Malam, ƙasar nan ba ta da wurin tsohon baƙo. Babu fansho gare mu, abin da ake biya mana a asusun inshorar ma'aikata na raunin aiki ne kawai. Ɗan da ka haifa a nan ba ya zama ɗan ƙasa. Akwai iƙamar dindindin da aka fito da ita a 2019, amma riyal 800,000 ce, wannan ba zancen irinmu ba ne. Ina da ciwon suga da hawan jini, inshorar lafiya kuma tana ƙara tsada da shekaru, ranar da iƙama ta mutu ita ma ta mutu. Wannan ne ma babban abin da ke tsorata ni da komawa: a nan ina karɓar allurar suga kan kari, a gida kuwa ƙanwata tana ba ni labarin kuɗin magani da rashin wutar da za a ajiye shi a firji.

Gidan ma da zan koma, kunya ta hana ni faɗa wa kowa a nan. Shekara goma sha ɗaya ina tura wa ƙanena kuɗin gini. Da na je a 2019 na tarar an tsaya a linta, ciyawa ta fi ni tsawo a tsakar gida. Na buɗe baki zan yi magana, yayarmu ta riƙe min hannu ta ce zumunci ya fi bulo. Na haɗiye. Abokan tasowata rabi sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma in mun gaisa sai hira ta ƙare a minti biyar. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi, na yarda.

Ga abin da ya fi hana ni barci. Dokar ƙwadago ta nan ta ce in aiki ya ƙare ana biyan ma'aikaci haƙƙin sallama: rabin albashin wata kan kowace shekara a biyar ɗin farko, cikakken albashin wata kan kowace shekarar da ta biyo. Na zauna da biro na buga, nawa ya kama riyal 53,100, wajen naira miliyan 20. Zai rufe gidan, ya bar min ɗan jarin buɗe rumfar gyaran janareta. Amma ɗan kafilin nawa bai taɓa tayar da zancen ba, ni ma ban iya ba. Ubansa ne ya biya sadakina. Shi ya biya kuɗin asibitin matata har ta cika, ya kai ni Hajji sau biyu, bai taɓa rubuta ko riyal ɗaya a matsayin bashi ba. In na haɗa abin da ya kashe min, Allah kaɗai Ya san ko ya wuce wannan kuɗin. Wani abokina ɗan Damagaram da ke Jazan ya ce in tafi ofishin ƙwadago kai tsaye, haƙƙina ne, kuma in na bari aka buga min bizar fita ta ƙarshe na hau jirgi, bin sa daga Kano sai ya fi ƙarfina. Ɗana na biyu ma haka yake cewa, har da faɗa. Ni kuwa in na tuna fuskar tsohon sai in ji kamar zan kai ƙarar mamaci.

Shi ya sa na zo gare ka, Malam. Neman wannan kuɗi butulci ne, ko kuwa barin sa zaluntar 'ya'yana ne, tunda su za su ɗauki nauyina in na koma hannu rabbana? In ya halatta in nema, ta wace ƙofa zan shiga da ba za ta ɓata shekara 32 ba? Na yi tunanin in bi ta wajen mahaifiyarsa, tana raye, tana kuma ganin girmana, sai dai ina tsoron ya ɗauka na kai shi ƙara wajen uwa.

Sannan maganar lokaci. In nemi sallama yanzu da ƙafafuna suke ɗaukata, in je in tsaya a kan ginin da kaina, ko in cinye shekarar da ya ba ni in ƙara ɗan abin da zan tara? 'Yata tana kuka tana cewa in dawo Jidda kusa da ita, ko ba iƙama, wai tsofaffi nawa ne suke zaune haka. Na ce mata ban yi shekara 37 da takarda a aljihu ba don in ƙare ina leƙen motar jawazat, wato jami'an shige da fice, ta taga. Amma ba zan ɓoye maka ba, akwai son a binne ni a ƙasar nan cikin raina. Na san hadisin falalar mutuwa a Madina ne, ba Farasan ba, tsakaninmu da Madina tafiya ce mai nisa. Ko wannan buri nawa yana da wani tushe a addini, ko kuwa son zuciya ne kawai na ɗaura wa rawani?

Iƙamar da zai sabunta za ta fara aiki bayan ƙaramar salla. In da hali a karanta wasiƙar nan kafin azumi, don ina so in san abin da zan faɗa masa tun jiragen ba su tafi ba. Mai saye ya riga ya zo ya duba ɗaya, ni na tayar masa da injin.

Wassalam. A gaida ma'aikata.

Naka,
wani dattijo daga Farasan, yankin Jazan