Kira ga matasan karkara masu zuwa gwajin wasan kwaikwayo

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da matasan karkara, yanzu da kaka ta yi, aka kai amfanin gona gida, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na ƙauyuka kuma suka fara kiran masu sha'awa su zo a gwada su. Na daɗe ina kula da irin wannan ƙungiya a wani gari da ke ƙasar Ringim, kuma abin da nake gani wurin tantance 'yan wasa yana damuna ƙwarai.

Mafi yawan yaran da ke zuwa, fim suke kwaikwayo, alhali wasan dandali daban yake. A fim na'ura ce take ɗaukar murya, kyamara kuma ta matso har fuska, amma a filin makarantar firamare ko ƙofar gidan dagaci, inda iska take kaɗawa, yara suna hayaniya, tsofaffi kuma suna zaune can baya a kan tabarma, babu mai kai maganarka kunnen jama'a sai ƙirjinka. A bara wani saurayi ya zo da baƙin tabarau da takalmi mai ƙyalli, ya haddace takardarsa tsaf, amma da na ja baya taku ashirin ban ji ko kalma ɗaya ba. Bayansa wani yaro mai kiwon awaki ya shigo, muka ce ya nuna mana yadda kakarsa take ciniki a kasuwar Gujungu. Ya ɗan rusuna, ya kwance bakin zane da babu shi, ya ƙirga kuɗi sau biyu yana mita, ya juya kamar zai tafi don a kira shi a rage masa. Har masu wucewa da jakuna suka tsaya. Shi muka ɗauka.

Saboda haka, wanda yake shirin zuwa gwaji ya fara da muryarsa. Ya fita bayan gari da abokinsa, su tsaya nesa da juna, ya yi magana ba tare da ihu ba har sai abokin ya iya maimaita abin da ya faɗa, ya riƙa jan numfashi daga ciki, kada ya haɗiye ƙarshen kalma. Idan an ba shi rubutaccen wasa, ya fahimci labarin kafin hadda: wane ne wannan mutum, me yake nema, wa ya hana shi? Wanda ya san wannan, ko kalma ta ɓace masa zai kawo wata ya ci gaba. Sannan ya koyi sauraro, domin mukan haɗa mutum biyu mu ce ɗaya ya zo biyan bashi babu kuɗi, kuma nan take ake gane mai jiran abokinsa ya rufe baki kawai don ya zuba nasa.

Wannan fasaha ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Duk wanda ya yi tashe daga goma ga watan azumi, ko ya ga kalankuwa inda samari ke naɗa sarki da alƙali a tsakaninsu, ko ya ji labarin wasan gauta da matan fada suke kwaikwayon sarki da fadawansa, ya san tushen abin. Malam Aminu Kano ma ya rubuta wasanni don wayar da kan talakawa, kuma tun wajen shekarun 1970 malaman Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suke shiga ƙauyuka suna shirya wasa tare da manoma a kan matsalolinsu.

'Yan mata su nemi yardar iyaye tun kafin ranar, ƙungiyoyi kuma su sa gwaji da hantsi ko bayan la'asar, a fili, a tashi kafin magariba. Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiyoyi su daina karɓar kuɗin fom, domin na san yarinya mai baiwa da ta koma gida tana kuka saboda ba ta da abin biya, kuma har yau ba ta sake zuwa ba.

Wassalam.

Daga wani tsohon malamin firamare,
Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa.