Rahoton Shekara ga Membobi: Karatunmu a kan 'Yan Gurguzu da Mulkin Ƙananan Garuruwan Masana'antu

Assalamu alaikum, 'yan uwa membobi maza da mata.

Kamar yadda tsarin ƙungiyarmu ya tanada, ga bayanin abin da muka gudanar a shekarar da ta ƙare. Za ku tuna a babban taron bara ne aka amince mu ɗan ajiye manyan biranen da kowa ya san labarinsu, mu leƙa ƙananan garuruwan masana'antu inda 'yan gurguzu suka taɓa riƙe majalisar gari. Kwamitin karatu ya zaɓo guda biyu, Commentry a Faransa da Clay Cross a Ingila, kuma a kansu muka raba zaman da muke yi wata-wata.

Zaman farko gardamar kalma ta cinye shi. Wasu daga cikin dattawanmu sun ce "gurguzu" tana sa mai karatu ya tuna Tarayyar Sobiyet, alhali mutanen da muke magana a kansu da ƙuri'a suka hau, da ƙuri'a ko hukuncin kotu suka sauka. A ƙarshe an bar kalmar, da sharaɗin duk mai gabatar da takarda ya faɗi wace jam'iyya yake nufi.

Commentry gari ne na haƙar kwal da narka ƙarfe a gundumar Allier, kusa da Montluçon. A 1882 majalisar garin ta zaɓi Christophe Thivrier a matsayin magajin gari, kuma shi ne ake yawan kira magajin gari ɗan gurguzu na farko a duniya. 'Yar uwar da ta gabatar da wannan takarda ta jawo hankalinmu ga abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba: a shekarar ce dokar Faransa ta mayar wa majalisun irin waɗannan garuruwa ikon zaɓen magajin garinsu, maimakon gwamnati ta naɗo musu. Ƙofa ce aka buɗe, ma'aikata suka riga kowa shiga. Shi kansa Thivrier tun yana yaro ya shiga ramin kwal, daga baya ya fita ya kama sana'ar kansa, har da gasa burodi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da kamfani ɗaya ke riƙe da abincin kusan kowane gida, domin wanda ba ya karɓar albashin kamfani shi ke iya buɗe baki. An zaɓe shi ɗan majalisar dokoki a 1889, ya riƙa zama a zauren da shuɗiyar rigar aiki irin ta leburori, kuma a 1894 aka fitar da shi daga zaman majalisa saboda ya ɗaga murya yana jinjina wa boren Paris na 1871. Ya rasu a 1895. Ɗansa Isidore ya riƙe kujerar magajin garin daga baya, yana cikin 'yan majalisa 80 da suka ƙi miƙa wa Pétain, wanda ya shugabanci gwamnatin Faransa mai haɗa kai da 'yan Nazi, cikakken iko a 1940, kuma ya mutu a sansanin 'yan Nazi a 1944.

Clay Cross ce ta ɗauki mafi yawan shekarar, ba don mun tsara haka ba, sai don muhawarar ta ƙi ƙarewa. Garin yana yankin Derbyshire, kuma asalin bunƙasarsa shi ne lokacin da George Stephenson ya ci karo da kwal wajen haƙa ramin jirgin ƙasa a shekarun 1830. A 1972 gwamnatin Edward Heath ta yi dokar kuɗin gidaje wadda ta tilasta wa ƙananan hukumomi ƙara kuɗin hayar gidajen da suke bai wa jama'a. A Clay Cross ƙarin fam ɗaya ne a mako. Kansilolin garin su 11, dukkansu 'yan jam'iyyar Leba, suka ce ba za su karɓa ba. Majalisu da dama sun yi irin wannan barazanar a farko, amma da aka matsa sai suka janye ɗaya bayan ɗaya, aka bar wannan ƙaramin gari a tsaye. A 1973 mai binciken kuɗi na gwamnati ya ɗora wa kansilolin biyan fam 6,985 daga aljihunsu, aka turo kwamishinan gidaje ya karɓi aikin, daga baya kuma aka hana su riƙe muƙami. Cikin waɗanda abin ya shafa har da David Skinner, ɗan uwan Dennis Skinner, ɗan majalisa mai wakiltar Bolsover a lokacin. A Afrilun 1974 aka soke majalisar baki ɗaya a garambawul ɗin ƙananan hukumomi, aka haɗe garin da Derbyshire ta Arewa maso Gabas, sannan a 1975 aka ayyana kansilolin a matsayin waɗanda bashi ya karya.

A nan membobi suka rabu. Ɓangare guda ya ce sun yi abin da suka yi wa masu zaɓe alkawari, kuma sun biya da dukiyarsu, ba da ta wani ba. Ɗaya ɓangaren ya ce ƙaramar hukuma ba ta da hurumin zaɓen dokar da za ta bi, kuma a ƙarshe ai hayar ta ƙaru. Ni dai, in an yarda sakatare ya sa baki, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙanƙantar abubuwan da aka yi faɗan a kansu: haya, albashin leburorin hukuma, madarar 'yan makaranta da gwamnati ta janye wa yara 'yan sama da shekara bakwai a 1971. Gurguzun waɗannan garuruwa a nan yake, ba a dogayen jawabai ba. Kuma duk inda suka kai, igiyar kuɗi tana hannun gwamnatin tsakiya, ranar da ta ga dama sai ta ja.

Ba komai ne ya tafi daidai ba. Mun yi alkawarin fassara takardun biyu zuwa Hausa mu raba wa membobi, amma ta Clay Cross kaɗai aka gama. Ta Commentry ta maƙale saboda yawancin abin da aka rubuta a kan garin da Faransanci yake, kuma ɗan uwa ɗaya tak ne ke ɗauke da wannan nauyi. Laifin kwamiti ne da bai nema masa mataimaki da wuri ba. Halartar zama ma ta ja baya a tsakiyar shekara, kodayake ta farfaɗo da muka shiga rikicin haya. Wataƙila rigima ta fi tarihi kiran mutane.

Ta fannin kuɗi, abin da ya shigo daga gudummawar membobi ya tafi ne wajen sayen littattafai da buga takardu. Ma'aji zai karanta lissafin dalla-dalla a taro, tare da sunayen waɗanda ake bi bashin kuɗin wata, don haka wanda ya san da saura a kansa ya gaggauta.

A shekara mai zuwa kwamiti yana ba da shawarar mu haye zuwa Amurka, mu duba Reading a jihar Pennsylvania, inda aka zaɓi J. Henry Stump magajin gari a 1927, da Bridgeport a jihar Connecticut, inda Jasper McLevy ya yi magajin gari daga 1933 zuwa 1957. Wasu sun riga sun ce waɗannan sun fi ƙarfin a kira su ƙananan garuruwa, don haka za a jefa ƙuri'a a kai. Muna kuma neman mutum biyu masu jin Faransanci da za su taimaka a kammala fassarar Commentry kafin zama na uku. Mai sha'awa ya ba da sunansa a wurin taro.

Wassalam.

Sakatare, a madadin kwamitin gudanarwa