Ku tambayo mana lissafin rijiyoyin Agadem

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aiki, ya gajiya. Ni mai sauraronku ne daga nan Tawa, kuma maganar man fetur ɗin ƙasarmu Nijar ce ta sa na rubuto, don gaskiya abin ya daɗe yana ci mani tuwo a ƙwarya.

Duk sanda aka zo batun mai sai a faɗa mana babban adadi ɗaya a wuce. An ce matatar SORAZ ta Damagaram da aka buɗe a Nuwamban 2011 ganga 20,000 take iya tacewa a rana, mun ji. An ce bututun da ya tashi daga Agadem, filin haƙar mai na jihar Diffa, ya bi kusan kilomita 2,000 har tashar Seme ta ƙasar Benin zai ɗauki ganga 90,000 a rana, wato jimilla 110,000 kenan in an haɗa da na matata, mun yi murna wallahi, lokacin da firaminista Lamine Zeine ya ƙaddamar da shi a Kulele ranar 1 ga Nuwamban 2023 har a fada ba a hirar komai sai ita. To amma Malam Edita wannan ai ƙarfin bututu ne da ƙarfin matata, abin da za su iya ɗauka. Abin da rijiyoyin suka fitar a zahiri wata bayan wata shi ne muke so a riƙa karanta mana.

Kuma ba abu ne mai wuya ba. Dokar man fetur ta raba lasisi gida biyu, akwai na bincike akwai na haƙa a sayar, kowane fili da sunansa da kamfanin da ke riƙe da shi. CNPC ta Sin ta sa hannu kan Agadem tun 2008. Savannah ta Ingila ta haƙa rijiyoyi biyar a 2018 duka biyar ɗin ta tarar da mai. Sonatrach ta Aljeriya tana Kafra can arewa wajen iyaka, ga SONIDEP ɗinmu, kamfanin mai na gwamnati, ita ma ta shiga bincike da kanta a 2024. To kowannensu rijiya nawa ya haƙa, nawa ke aiki, nawa aka rufe, lasisin wa ya ƙare na wa aka sabunta, duk wannan yana rubuce a ma'aikatar man fetur, ku aika ɗan jaridarku ya tambayo.

Dalilin da ya sa na nace kan ganga shi ne yadda rabon yake. Kwantaragin na raba mai ne, ana cire harajin gwamnati, kamfani ya ɗebi nashi na mai da kuɗin da ya kashe, sannan a raba abin da ya saura, ka ga ke nan in ba a san gangar da ta fito ba, ba a san kuɗin da aka ce an kashe ba, babu mai iya cewa kason Nijar ya cika ko bai cika ba. Ga kuma dalar Amurka miliyan 400 da aka karɓa hannun CNPC a Afrilun 2024 da sharaɗin a biya da ɗanyen mai, talaka na da haƙƙin ya ji ina aka kwana.

Wanda ya fi damuna kuwa mutanen N'Gourti ne. A ƙasarsu rijiyoyin suke, makiyaya ne masu raƙuma, Tubawa da Larabawa, su ke ganin manyan motoci na ratsa makiyayarsu kullum. Doka ta ce kashi 15 cikin ɗari na kuɗin da gwamnati ke samu a koma da shi ga ƙananan hukumomin jihar da ake haƙar man, sun kuma daɗe suna kukan ba ya iso musu kan lokaci. Yaya shugaban ƙaramar hukuma zai nemi kashi 15 na kuɗin da ba a gaya masa yawansu ba? Da me zai yi lissafin fanfo da likita da lakwal? Mu nan Tawa mun ga irin wannan da idonmu a wajen maƙwabtanmu na Arlit da yuraniyom, shekara sama da hamsin ana haƙa, je ka ga hanyar Tawa zuwa Arlit yadda ta koma.

Ba na musun an yi wani abu, a Yulin 2024 an sauke litar esansi daga sefa 540 zuwa 499, 'yan kabu-kabu sun shaida. Amma a Maris ɗin 2025 mun ga dogayen layuka a gidajen mai, ƙasa mai fitar da ɗanyen mai waje, kuma jita-jita ce ta riga bayani isowa.

Roƙona Malam Edita ku ware ko minti goma ne a wata, da Hausa da Zabarmanci da Barbarci da Tubanci, ku gayyato jami'in ma'aikatar da wani daga ƙungiyar ROTAB masu bin diddigin arzikin ƙasa, ku kira shugabanni ko sarakunan N'Gourti a waya su ma a ji bakinsu. In an hana ku lissafin, to ku faɗa mana a iska cewa kun tambaya an hana.

Allah ya ƙara basira, a gaida ma'aikata.

Naku mai sauraro,
daga Tawa