Iyaye, kada jiran jami'a ɗaya ya cinye wa yaro shekara

Assalamu alaikum Malam Edita,

Dan Allah a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da iyaye 'yan'uwana, na nan Amurka da na gida, kan wani abu da yake damuna duk lokacin da Disamba ta zagayo. Ni mazaunin jihar Maryland ne, kuma a masallacinmu ina cikin masu zama da yara 'yan ajin ƙarshe na sakandare muna taya su cike fom ɗin jami'a, sannan ga 'yan'uwa daga Kano da Zariya da Kaduna da suke turo saƙon murya a WhatsApp suna tambaya kan yaransu masu neman karatu a nan, toh abin da nake gani ya yi yawa shi ya sa na ce bari in rubuto.

Yadda abin yake shi ne, manyan jami'o'in nan suna da zagaye biyu na ɗaukar ɗalibai. Akwai na wuri, wanda ake rufe karɓar fom 1 ga Nuwamba ko 15 ga wata, amsa ta fito tsakiyar Disamba. Amsar nan kala uku ce, ko su ce sun ɗauke ka, ko su ce a'a, ko kuma su ce sun ɗage maganarka zuwa zagaye na biyu, za su sake duba fayil ɗinka tare da na sauran jama'a sai ƙarshen Maris ka ji. Wannan ta ukun ita ce take rikita gidaje. Yaro zai buɗe imel ya ga ba a ce masa a'a ba, uba ya ji labari ya ce alhamdulillah ai saura ƙiris, uwa ta kira dangi a gida ta ce an kusa, shikenan kowa ya naɗe hannu ana jiran gawon shanu har wata uku, alhali a daidai waɗannan makonnin ne ake rufe fom ɗin sauran jami'o'in, mafi yawansu tsakanin 1 ga Janairu zuwa 15 ga wata.

Ya kamata mu fahimci cewa ɗagewar nan ba nauyinta ɗaya ba a ko'ina. Harvard a Disambar 2023 mutum 7,921 suka nema a zagayen wuri, ta ɗauki 692, sannan sama da kashi 80 cikin 100 ta ce musu su jira Maris. Kaga kenan kusan kowa aka ce wa ya jira, ba wata alama ba ce cewa ɗanka yana bakin ƙofa. Georgetown ma an san ta da cewa duk wanda ba ta ɗauka a zagayen wuri ba sai ta tura shi zagaye na biyu, MIT ita ma mafi yawa haka take yi. Stanford ce take bambanta, ita kai tsaye take sallamar mafi yawan mutane, kaɗan take cewa su jira, toh a wurinta ɗagewa tana da ɗan ma'ana. Kuma a zagaye na biyun nan dubun dubatan sababbin fayil ne suke shigowa, a makarantar da gaba ɗaya take ɗaukar wajen mutum 4 cikin 100 ko ma ƙasa da haka. Ana samun waɗanda aka ɗage kuma aka ɗauka a Maris, wallahi ana samu, amma ba a gina rayuwar yaro a kan wannan.

Abin da nake faɗa wa yaran kullum shi ne, ka yi wa makarantar da ta ɗage ka abin da ya kamata sau ɗaya, ka rufe babin. Ka karanta takardar da suka aiko da kyau domin wasu suna cewa a rubuto musu gajeriyar wasiƙa, wasu akwai fom a shafinsu da za ka cike, wasu kuma ƙarara suke cewa kada a turo komai. In sun yarda, ka rubuta shafi ɗaya ka ce har yanzu kana so, ka faɗi sabon abin da ka yi tun Nuwamba, makarantarka ta tura sakamakon rabin shekara a Janairu ko Fabrairu, kuma dan Allah kada maki ya faɗi a wannan zangon don shi za su fi kallo. Bayan nan ba sauran abin yi. Kiran ofishinsu kullum ko neman wani babban mutum ya sa baki ba ya aiki a nan, yana iya ɓata wa yaron ma. Na san a gida mun saba da cewa sai an bi ana tuni, an kai takarda hannu da hannu, amma a nan mutanen da suke karanta fayil ba sa son haka ko kaɗan.

Sai aikin gaske, wato zaɓen inda yaron zai je in Maris ta zo ba labari. Manhajar Common App, wadda ake cike fom ɗin jami'o'i da yawa a cikinta, tana ba ɗalibi damar neman makaranta har 20, ba wai sai an cika ba, amma lallai a samu biyu ko uku da aka tabbata za su ɗauke shi kuma aljihun gidan zai iya ɗauka, kuma yaron yana son su da gaske, ba wai an sa su don cike gurbi ba. Akwai kuma wata dama da wasu jami'o'i suke bayarwa a Janairu, zagayen alkawari na biyu, wanda za ka sa hannu cewa in sun ɗauke ka lallai za ka je, amsa ta fito tsakiyar Fabrairu. Wannan yana ƙara damar samu, amma a sani in suka ɗauke shi dole ya janye takardunsa daga ko'ina har da waccan da ta ɗage shi, ba zai taɓa jin amsar Maris ɗin ba. Toh sai iyali su zauna su yi magana ta gaskiya kafin a sa hannu, musamman in ana buƙatar kwatanta tallafin kuɗi tsakanin makarantu, domin alkawarin yana hana kwatantawa. Wanda kuma tun farko zagayen alkawari ya nema a Nuwamba aka ɗage shi, alkawarin ya warware, yana da 'yancin zuwa duk inda yake so.

Maganar kuɗi ita ce nake so in daɗe a kanta domin a nan muke cutar kanmu. Manyan jami'o'i masu zaman kansu yanzu kuɗin shekara ɗaya da ɗaki da abinci ya haura dala dubu 80, wasu sun kai dubu 90. Jami'ar jiharmu ta Maryland da ke College Park kuwa ɗan jiha kuɗin karatunsa wajen dala dubu 12 ne a shekara ban da ɗaki da abinci, kuma a fannin kwamfuta da injiniyanci ba ta jin kunyar kowa. Ga jami'ar UMBC kusa da Baltimore mai shirin Meyerhoff da ya fitar da baƙaƙen fata da yawa zuwa digiri na uku a kimiyya, ga Morgan State, ga Howard a Washington. Akwai ma yaran da suke fara shekara biyu a kwalejin unguwa irin Montgomery College su koma jami'a su ƙarasa, kuma takardar digirin da za a ba su a ƙarshe sunan jami'ar ne a jiki. Amma sai ka ga uba yana jin kamar faɗuwa ce ɗansa ya je irin waɗannan, don kawai sunan ba ya kaɗa kunne in an faɗa a majalisa ko a gurup ɗin dangi. Haba jama'a. Bashin karatu a ƙasar nan da kuɗin ruwa yake tafiya, na gwamnati da na banki duka, kuma mu Musulmi mun san matsayin riba, toh ta yaya za mu tura yaro ɗan shekara 18 ya sa hannu a bashin da zai kai shekara goma ko ashirin yana biya saboda mu samu abin faɗa? In takardun tallafi suka zo a Maris da Afrilu, a ajiye su gefe da gefe a cire abin da yake kyauta daban, abin da yake bashi daban, domin wasu makarantun suna haɗa su a layi ɗaya su kira shi duka tallafi. Kuma ana iya rubuta wa ofishin tallafi a ce abin da kuka bayar bai isa ba ga dalili, wani lokacin suna ƙarawa, mutanenmu da yawa kunya take hana su tambaya.

Sannan a duba kwas ɗin kansa. Iyaye da yawa daga gida suna ce min suna so yarinya ta zo ta karanta likitanci, ba su san cewa a Amurka ba a shiga likitanci daga sakandare ba, sai an yi digirin farko shekara 4, a rubuta jarrabawar MCAT, sannan a sake neman makarantar likitanci wata shekara 4, kuma kaɗan ne daga cikinsu suke karɓar ɗan ƙasar waje. Lauya ma haka ne sai bayan digirin farko. Wanda burinsa likitanci ne kuma daga Najeriya yake, sau da yawa ABU ko Bayero ko Usmanu Danfodiyo sun fi masa kusa da burin nasa a kan makarantar da yake zaman jira. Mai son injiniyanci kuma ya duba ko hukumar ABET mai tantance kwasa-kwasan injiniyanci ta amince da kwas ɗin a makarantar.

Akwai abin da ba ya cikin jerin sunayen da ake bugawa na wace jami'a ta fi wace, amma ga ɗanmu yana da nauyi, wato inda zai yi sallar Juma'a, ko akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi, ko ɗakin cin abinci yana da halal, ko suna ajiye abincin sahur da azumi, ko 'yarka za ta samu ɗakin kwana na mata zalla. A watan Afrilu makarantu suna gayyatar waɗanda suka ɗauka su zo su ga wuri, mai iko ya je da yaron, wanda yake nesa ya nemi ɗaliban Musulmin makarantar ta intanet ya tambaye su, za su faɗa masa gaskiyar da ofis ba zai faɗa ba.

Ranar 1 ga Mayu ita ce ranar da mafi yawan makarantu suke so ka ce na karɓa ka biya kuɗin riƙe gurbi, 'yan ɗaruruwan daloli ne, kuma wuri ɗaya ake biya, biyan biyu a ɓoye saɓa ƙa'ida ne kuma in aka gano ana iya soke duka. Wani lokacin makarantar da ta ɗage yaro a Disamba sai Maris ta zo ta sake cewa ta sa shi a layin jira, wanda amsarsa ba ta zuwa sai bayan 1 ga Mayu, wani har Yuni ko Yuli, wata shekarar ma ba sa ɗaukar ko mutum ɗaya daga layin. A nan dole a biya a wata makarantar a riƙe gurbi, in daga baya suka kira kuma kuɗin ya yi daidai sai a haƙura da abin da aka biya.

Ga na gida kuma maganar ta fi haka tsanani. Jami'o'in da ba sa duba talaucin ɗalibin waje kafin su ɗauke shi, kuma su biya masa duk abin da ya gaza, 'yan kaɗan ne, irin su Harvard da Yale da Princeton da MIT da Amherst da Dartmouth da Bowdoin, sauran kuwa buƙatar kuɗinka tana shiga lissafi. Ko an ɗauke ka sai makaranta ta ga shaidar kuɗin shekarar farko kafin ta ba ka takardar I-20 da ake neman bizar karatu da ita, sai ka biya kuɗin SEVIS, wato rajistar ɗaliban waje, dala 350, da kuɗin biza dala 185, sai neman ranar ganawa a Abuja ko Legas, duk wannan lokaci yake ci, wanda ya tsaya jira har Yuli zai iya samun gurbi ya rasa biza. Kuma tun 2025 dokokin shigowa sai ƙara tsauri suke, a Yunin shekarar aka sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da aka hana shigowa, a Yuli aka mayar da mafi yawan bizar 'yan Najeriya ta wata uku shiga ɗaya, saboda haka kafin a kashe ko kwabo a tambayi ofishin EducationUSA, mai ba da shawara kan karatu a Amurka, na Abuja ko Legas halin da ake ciki a ranar, kada a dogara da ejan ɗin da yake karɓar kuɗi yana alkawari.

Shi ya sa nake roƙon duk uban da ɗansa yake gida yana jiran amsa daga nan, dan girman Allah ya saya masa fom ɗin JAMB da zarar an buɗe, a farkon shekara ake yi kuma yana rufewa kafin amsar Maris ta gama bayyana, sakamakon bara kuma ba ya aiki bana. Yaron ya zauna ya yi karatun jarrabawar kamar ba shi da wani wuri, ya zaɓi jami'a da kwas ɗin da makinsa zai kai, in gurbi ya fito a CAPS, shafin JAMB na ba da gurbi, ya karɓa a kan lokaci. Na ga yara masu ƙoƙari sosai sun rasa nan sun rasa can sun zauna shekara guda a gida, ba don komai ba sai don babu wanda ya ce musu su nemi wuri na biyu.

Kuma iyaye mu rage tambayar yaran nan kullum wai an ji wani abu? Ba za a ji komai ba sai ƙarshen Maris, ranar ma makarantar za ta sanar tun kafin ta zo. Yaron da aka ɗage yana jin abin a ransa fiye da yadda yake nunawa, musamman in abokinsa na aji an ɗauke shi, abin da yake buƙata a wurinmu shi ne mu zauna da shi mu buɗe shafin sauran makarantun mu nuna masa muna murna da su, mu yi istihara tare a kan waɗanda suke hannu.

Na gode da filin da aka ba ni, Allah ya ƙara wa jaridarmu albarka, ya yi wa yaranmu zaɓi mafi alheri.

Wassalam,
Wani uba daga jihar Maryland, Amurka