Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Ciyaman Ɗin Ƙaramar Hukumar Zariya Kan Kwatocinmu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ya aiki, ya jama'a?

Maganar kwata ce ta sa na rubuto. Kafin damina ta kankama matasan unguwanni, daga Tudun Wada da Gyallesu har cikin birni su Kwarbai da Kaura, sukan fito aikin gayya da shebur da baro su yashe kwata, Allah ya saka musu, amma dattin da aka kwaso a bakin titi ake jibge shi, awaki su tone, 'yan acaɓa su bi ta kai, ruwan farko na sauka ya maida shi inda aka ciro shi. To wahalar me yaran nan suka sha kenan?

Tun daga cikin gida toshewar take farawa. Ragowar tuwo, ƙanzo, maiƙon miya da toka duk rariya ake turawa, man ja kuwa idan ya huce daskarewa yake a cikin fayif ya riƙe duk abin da ya biyo baya. Ga ledar fiya wata, ga famfas ɗin yara da ake jefawa a masai ko kwata, wannan ba ya narkewa, kumbura ma yake yi. Wani kuma sokawe ɗinsa ya cika, maimakon ya kira masu kwashewa sai ya jira dare hadari ya haɗo ya saki abin a kwata, wallahi wannan zalunci ne ga maƙwabta. Kuma ka san cikin birni ginin ƙasa ya yi yawa, ruwa ya kwana a gindin katanga a watan Agusta ai sai dai addu'a, ban da sauro da amai da gudawa.

Roƙona ranka ya daɗe, duk ranar da unguwa za ta yi yasa a turo tifa ta kwashe a ranar, a haɗa kai da KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna, in ya kama. A dawo da duba-gari irin na da, su riƙa shiga gida gida tare da masu unguwanni, duk wanda rariyarsa ba ta da ragar tare datti a ba shi wa'adi, wanda ya saki masai a ci shi tara ko ɗan waye. A kuma ajiye mana wurin zuba shara kusa, don wanda bai da bola kwata ce bolarsa.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
wani mazaunin Tudun Wada, Zariya